Turaku Huɗu a Lambun Aro

Shekara ashirin da ɗaya ke nan cif da rasuwar yayana, Malam Sale mai lambu, wanda mutanen Nasarawa Gwom suka fi sani da Sale Kabeji. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ban taɓa rubuta shi a jarida ba, kuma da yana raye ba zai gode mini ba, don mutum ne da ba ya son ganin sunansa a takarda. Yadda aka yi ya tsani hakan kuwa da hannuna a ciki, labarin da nake so in bayar ke nan. Abin da ya tayar mini da shi, makon jiya na ji sanarwa a rediyo cewa gwamnati za ta raba takin zamani da rangwame, kowane manomi ya je ya rubuta sunansa da inda gonarsa take. Na kashe rediyon nan take, har mai ɗakina ta leƙo ta tambaye ni ko lafiya.

Haƙar kuza ce ta kawo mahaifinmu Jos daga ƙasar Kano, a nan aka haife mu duka. Yaya ya girme ni da shekara goma sha biyar, kuma tun da mahaifinmu ya rasu shi ya riƙe ni, shi ya sa ni makaranta. Ya ɗan taɓa aikin kuza, da ya ga harkar tana ja da baya sai ya koma lambu. Masu haƙa sun bar manyan ramuka a bayan gari, ruwa ya cika su, ba sa ƙafewa ko a tsakiyar rani. A bakin ɗaya daga cikinsu, can gaba da Gada Biyu inda a lokacin babu gini ko ɗaya, Yaya yake noman kabeji da latas da karas da tumatir. Da kuɗin kabejin nan na yi karatu har na zama malamin gona.

Filin ba nasa ba ne. Na wani dattijo ne ɗan asalin wurin, Baba Gyang, wanda ya gaje shi kaka da kakanni. Gona ɗaya ce amma mutum biyu ke nomanta, kowa da lokacinsa. Da damina Baba Gyang ya shuka accarsa da masararsa. In ya girbe, Yaya ya shiga ya ja fangali, ya kafa jigo, ya yi ta ban ruwa har hadarin farko ya haɗo. Babu zancen haya a tsakaninsu, ladan Baba Gyang yana cikin ƙasar. Duk rani Yaya yana kwaso tokar juji daga cikin gari, da farko a jaki daga baya a tifa, ya zauna ya tsince kwalabe da gwangwanaye da ƙusoshi, sannan ya zuba a fangali. Ƙasar da aka san ta ja ce mai tsakuwa, cikin shekara goma sha huɗu ta koma baƙa wuluk, masarar Baba Gyang har daga kan hanya ake tsayawa a kalle ta. Sai kuma kwandon farko na duk abin da lambu ya bayar, wanda Yaya ke kai masa gida da kansa kafin ko ɗaya ya je kasuwa.

Akwai abu biyu da Yaya ke yi waɗanda nake gani wahalar banza ce. Duk shekara in an gama girbi sai ya sa babbar rigarsa, ya riƙi ƙullin goro da ɗan gishiri, ya je gidan Baba Gyang ya durƙusa ya roƙi aron gona, kamar bai taɓa taka ta ba. Shi ma tsohon ya yi shiru kamar mai nazari, can ya ce to, ya ba shi na bana. Na biyu, ranar da zai tashi ba ya barin komai a tsaye. Ya baje fangali, ya tuge itatuwan jigo masu nauyin tsiya, ya kwaso su har Nasarawa Gwom ya jingine a bayan ɗaki, in rani ya zagayo ya sake mayar da su. Na taɓa kawo masa dashen gwaiba daga makarantarmu, na ce ya sa a bakin ruwa ya samu inuwa. Ya karɓa ya yi godiya, ya dasa a tsakar gidanmu. Da na matsa masa sai ya ce ƙasar ba tasa ba ce, ba zai kafa mata abin da zai wuce rani ɗaya ba. Ni kuwa na yi boko, ina ganin duk wannan tsohon yayi ne.

A ƙarshen shekarun saba'in, zamanin soja, gwamnati ta tashi haiƙan a kan noma. Rediyo ba ta da zance sai kowa ya koma gona, har 'yan makaranta ana sa su huɗa a bayan aji. Aka yi ta shigo da takin zamani tirela bayan tirela, gwamnati ta ɗauke mafi yawan kuɗinsa, manomi ya cika ɗan abin da ya rage. Aka kuma ce waɗanda suka yi rajista su za a fara ba injin ban ruwa in ya iso. Ni a lokacin ban fi shekara ɗaya da kama aiki ba, an ba ni babur da kaki da tef ɗin awo, kaina ya kumbura ba kaɗan ba. In na shigo gida Yaya yakan ce wa matarsa a kawo ruwa, ga Gwamnati ta iso. Sunan ya bi ni har yau, jikokinsa ma da shi suke kirana a bayan idona.

Aikinmu shi ne mu bi gonaki muna cika fom: sunan mai gona, inda take, da girmanta. Mu auna, mu buga turken ƙarfe mai jan fenti a kowace kusurwa, mu rubuta lamba a jiki. Wanda ya tsara fom ɗin, ko a wane ofis yake zaune, layi ɗaya ya bari na suna. Bai san akwai gonar da take da manomin damina da manomin rani ba. Ni na sani, a cikinta na girma, don haka ba ni da uzurin da yake da shi.

Injin nake hango wa Yaya. Na ga yadda jigo ya cinye masa kafaɗu. Tun da sassafe yake tsoma guga yana ɗagowa, a sanyin Jos, tafin hannunsa duk ya tsattsage. Na kawo masa zancen rajista, ya saurare ni har na gama, ya ce abu ne mai kyau amma in dakata sai ya zauna da Baba Gyang. Na ce ana rufewa ƙarshen wata. Ya ce to, a rufe. A cikin makon aka yi mana rasuwa a ƙauye, ya tafi ƙasar Kano gaisuwa zai yi kwana goma. Da tafiyarsa da kwana biyu na hau babur na je lambun, na auna, na buga turaku huɗu, na rubuta Sale a layin mai gona da kyakkyawan rubutuna, na kai ofis aka buga hatimi. Na dawo gida ina jin daɗin kaina, na ƙagu ya dawo in yi masa albishir.

Ba a bakina ya ji labarin ba. Kafin ya dawo, Baba Gyang ya je ofis tare da ɗansa Istifanus, malamin firamare ne sa'ana, don ya rubuta gonarsa ya samu takin damina. Akawu ya duba ya ce ai wannan gona an riga an rubuta ta, mai ita Sale. An ce tsohon ya sa aka maimaita masa sau biyu, sannan ya sa hularsa ya fita. Bai zo gidanmu ba, bai kai ƙara wurin dagaci ba. Da Yaya ya dawo ya tarar tumatir ya nuna, ya cika kwandon farko ya kai kamar kullum, sai uwargidan ta fito ta ce maigida ya ce an gode, amma a mayar. A hanyarsa ta dawowa ya zaga kusurwoyin lambun ya ga turakun.

Washegari ina zaune a ofis ya shigo. Bai dube ni ba. Ya gaida ogana, ya ce ya zo a cire sunansa. Oga ya yi dariya, ya ce tun da yake aiki bai taɓa ganin wanda ya zo a cire shi daga rabon gwamnati ba. Takardu sun riga sun tafi hedikwata, babu mai iya dawo da su, ya je sito ya karɓi buhunansa kawai. Yaya ya je ya karɓi buhu shida, ya ɗauki hayar amalanke. A bakin ƙofa ya juyo ya ce mini, "Gwamnati, taso mu je ka tuge abin da ka kafa." Ranar ce kaɗai ya kira ni da sunan nan na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na tuge turakun da hannuna, ina cikin kaki, maƙwabtan lambu suna kallo. Na rungumo su muka bi bayan amalanke har gidan Baba Gyang. Muka shiga ta shingen ƙerana muka same shi zaune yana gyaran ƙotar fartanya. Yaya ya sa aka sauke buhunan a gabansa, ni na ajiye turakun, ya durƙusa ya faɗi yadda aka yi, bai ƙara ba bai rage ba. Bai ce laifin ƙanensa ba ne, cewa ya yi laifin gidanmu ne. Istifanus yana tsaye yana huci, yana cewa haka ake fara cin ƙasar mutane, yau turke gobe katanga. Uban ya ɗaga masa hannu ya tsayar da shi. Ya daɗe yana jujjuya turke ɗaya, sannan ya yi magana da irin Hausarsa.

"Sale, ni na san ka, ba ka da mugun zuciya. Amma takarda bai san ka ba, bai san ni ba. Ni zan mutu, kai za ka mutu, takarda yana nan a ofis. Yaran ka da yara na, wane ne zai gaya musu?"

Yaya ya ce, "Gaskiya ne, Baba."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Baba Gyang ya riƙe buhu uku ya ce a koma da uku, ya kuma ce gobe a kawo masa tumatir ɗinsa. Na ɗauka magana ta ƙare, har na fara sakin jiki a hanya.

Da hadari ya haɗo Yaya ya baje fangali ya tuge jigo kamar yadda ya saba. Da aka gama girbi, lokacin sa babbar riga ya yi, bai sa ba. Baba Gyang ya aiko Istifanus har sau biyu, cewa gona tana jira, abin da ya wuce ya wuce. Yaya ya je da kansa ya ba shi haƙuri. Abin da ya gaya masa, wanda ya maimaita mini da na tsare shi da tambaya, shi ne muddin sunansa yana takarda kuma ƙafarsa tana gonar, duk ranin da ya ƙara shaida yake tara wa takardar. In ya tashi, kowa zai ga takardar ba gaskiya ta faɗa ba. Ba shi da ikon ciro ta daga hedikwata, amma yana da ikon cire kansa.

Haka ya bar ƙasar da ya yi shekara goma sha huɗu yana ginawa da toka, ga mata ga 'ya'ya bakwai. Ya samu aron wani fili a bakin wani ramin, tafiyar ta ninka ta da, ƙasa ja fal tsakuwa. Shekara uku kabejinsa ba ya ƙulla kai, 'yan sari suna wuce shi su tafi gaba. A shekarun nan ne ya sayar da kekensa, babban ɗansa kuma ya bar makaranta ya koma dako a kasuwa, bai sake komawa aji ba. Injin da na yi abin dominsa kuwa, da ya iso manya suka rabe a tsakaninsu, ban ga ɗan lambu ko ɗaya da ya samu ba. Yaya bai taɓa yi mini gori ba har ya koma ga Allah. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Kwandon farko kuma bai fasa kai wa Baba Gyang ba daga sabon lambun, har tsohon ya rasu, Yaya yana cikin waɗanda suka tsaya a bakin kabarinsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce in ya ga yau. Gaba da Gada Biyu gidaje ne iya ganinka. Jigo ya ɓace, yaran yanzu ko sunansa ba su sani ba, sai inji da tiyo. Tokar juji rabinta leda ce, mai tsinta sai ya yi da gaske. Tallafin taki kuwa, na yi shekara talatin da biyar a aikin, na ga ya sauya suna ya fi a ƙirga. An raba ta hannun dagatai, an raba ta hannun 'yan siyasa, an raba ta saƙon waya, kuma kowane zubi akwai masu tafin hannu mai laushi a gaban layi. Ba na cikin masu cewa a daina, don na ga ƙauyukan da takin nan ya cika musu rumbu bayan sun saba da yunwar bazara. Amma ina jin Yaya ba zai yi dogon sharhi ba. Zai saurari sanarwar har ƙarshe, ya tambaya ko an gaya wa mai ƙasar. Abin da zai fi damunsa ba taki ba ne, yadda garin ya rabu ne, har mutum sai ya yi tunanin unguwar da zai bi kafin ya je gaida tsohon abokinsa. Ya ga farkon wannan kafin ya rasu, kuma na san ya ci masa rai.

Shekara uku da suka wuce maganar Baba Gyang ta tabbata. Wani dillalin filaye ya samu autan Yaya, Habibu, da hoton wata tsohuwar takarda da ban san a wace ma'ajiya ya tono ta ba. Ba a haifi Habibu ba lokacin da abin ya faru. Yana jan keken haya mai ƙafa uku na wani, yana zaune a ɗaki ɗaya a unguwar Congo-Russia da mata da 'ya'ya huɗu. Dillalin ya ce masa ubansa yana da fili a bakin ruwa wanda gwamnati ta yi wa rajista, yanzu wurin ya yi tsada, ya sa hannu kawai su shiga kotu, in an ci a raba. Takardar taki ba takardar mallaka ba ce, kowa ya sani. Amma tsohuwar takarda mai hatimi tana iya riƙe mutane shekaru a gaban alƙali, kuma a garin nan rigimar fili tsakanin gida irin namu da gida irin nasu ba a kotu kaɗai take tsayawa ba.

Habibu ya kawo mini ita yana ta murna. Na sa tabarau na ga rubutuna, rubutun saurayi mai ji da kansa, har da 'yar lanƙwasar da nake yi wa harafin farko.

Ya ce, "Baffa, da gaske filin Baba ne?"

Na ce masa ba nasa ba ne, aro ne, ni na rubuta kuma ƙarya na rubuta. Na ba shi labarin nan tun daga farko. Da na gama sai ya ce, "To shi me ya bar mana?" Ba rashin kunya ya yi mini ba, tambayar wanda ke zaune a ɗaki ɗaya ce.

Da safe na sa ya ɗauke ni a kekensa muka tafi wurin Istifanus. Ya tsufa, ya daɗe da yin ritaya, idonsa ɗaya ya daina gani. Rabona da shi tun ta'aziyyar Yaya. Na miƙa masa takardar, na ce in ana so in faɗa a gaban mai unguwa ko alƙali cewa ƙarya ce, ga ni da raina. Ya karanta a hankali, ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da turaku huɗu ɗaure da igiya. Sun yi tsatsa, amma ana iya ganin lambar. Ya ce babansu ne ya ce a ajiye ko da wata rana. Ya ce ya daɗe yana zuba ido ga ranar da 'ya'yan Sale za su zo da takardar nan, amma bai zaci haka za su zo da ita ba.

Yawancin gonar an yanka fuloti an gina, sai wani siririn yanki a bakin ruwa da ba ya ɗaukar gini. Istifanus ya kai mu can, ya ce Habibu ya tona da hannunsa. Ƙasa baƙa ta fito, da 'yan gutsattsarin kwalba da suka kuɓuce wa Yaya wajen tsinta. Istifanus ya ce masa, "Wannan aikin baban ka ne, har yau ba mu sa taki a nan. In kana so da rani, ka zo ka tambaya."

Yaya bai bar fili ba, bai bar gida ba sai wanda muka gada tare, itatuwan jigonsa ma an daɗe da yin girki da su. Gwaibar dai tana nan tana 'ya'ya a tsakar gida. Abin da ya bari shi ne 'yar baƙar ƙasa a gonar wani, da ƙofar da ɗansa zai iya yin sallama a cikin garin nan a ce masa shigo. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina rubuta sunayen manoma ban bar wa kowa kwatankwacin wannan ba, kuma har yau in na ga babban ɗansa da ya tsufa a dako nakan kawar da kai.

Habibu bai yi arziki ba. Yana jan keke da yamma, kuma yana mita duk sanda ya tuna abin da dillali ya kwaɗaita masa. Amma rani uku ke nan yana zuwa da ƙullin goro ya roƙa, Istifanus ya yi shiru kamar mai nazari sannan ya ba shi na bana. In hadari ya haɗo ya baje fangali, ya naɗe tiyo, ya ɗora inji a keke, ba ya barin komai. Shekaranjiya ya shigo mini da fom ɗin sabon tallafin, ya ce tunda aikina ne in taya shi cikawa, don an kusa rufewa. Na duba, layin suna ɗaya ne har yanzu. Biro yana aljihun gabana. Na ninke takardar na mayar masa, na ce ya fara zuwa ya zauna da Istifanus, in an rufe kafin nan, a rufe.